Tsuntsu da Sheƙa a Labarin Ɗan Riƙo

A nazarin adabi, da zarar ɗalibi ya ci karo da tsuntsu a cikin ƙagaggen labari, amsar da ke zuwa bakinsa ita ce 'yanci, tunda mai fukafuki yana zuwa inda ya ga dama. Koyar da littattafan da suka shafi ɗan riƙo ya nuna mini cewa wannan amsa ba ta ƙosarwa. Yaron da aka raba da mahaifansa ba tashi yake marmari ba, domin an riga an tashe shi sau ɗaya ba da son ransa ba. Abin da idonsa ke bi shi ne sheƙa: wane ne ya saƙa ta, wane ne ke da hurumin kwana a cikinta, kuma ko za a wayi gari a ture shi ƙasa.

Shi ya sa nake tambayar ɗalibai su fara gano wane tsuntsu marubucin ya zaɓa, da abin da tsuntsun ke yi a zahiri. Ana cewa hankaka mai da ɗan wani naka, kuma masana halittu sun tabbatar da cewa akwai tsuntsun da ke saka ƙwansa a sheƙar hankaka ya tafi, ya bar masa wahalar ƙyanƙyasa da ciyarwa. Galibi zargi ake yi da wannan magana, amma idan aka karanta ta da idon yaron da aka riƙa, sai a ga tsuntsun da ke safa da marwa da abinci a baki domin ɗan da bai yi kama da shi ba. A ganina nan ne fata yake ɓoye a irin waɗannan littattafai, a cikin hidimar kullum wadda ba a yi mata shela: uwar riƙo tana gyara wa yaro wuyan riga a bakin ƙofa, shi kuwa ya sandare, bai san ko ya jingina da ita ba.

Binciken Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya da ya samu kyautar Nobel a 1973, ya ƙara mini haske. Ya nuna cewa 'ya'yan dinya kan bi abin da suka fara gani yana motsi bayan ƙyanƙyasa, har suka riƙa bin Lorenz ɗin kansa a baya tamkar uwarsu. Ɗan Adam ya fi haka zurfi, kuma marubuci nagari ya san shaƙuwar yaro ba ta ƙulluwa a yini ɗaya, musamman wanda yake tuna fuskar wata uwar.

Littattafan da suka fi ratsa ni su ne waɗanda suka ɗauki tsuntsu mai ƙaura, irin shamuwa, wadda ke hayayyafa a arewa da damina sannan ta nufi kudancin Afirka, ba tare da an ce ta ci amanar ɗayan wuraren ba. Da irin wannan alama yaron ke samun damar neman asalinsa, ya kuma koma ga waɗanda suka raine shi ba tare da jin ya yi laifi ba. Marubucin da ya buɗe keji a shafin ƙarshe ya saki tsuntsu kuwa, ya bar ni da tambayar da bai amsa ba, wato inda yaron zai kwana a daren.