Batirin da ya ci katin Kawu

Ranar Laraba da la'asar Kawu ya aiko yaro da akwatin ƙarfe a baro zuwa shagona na cajin waya, nan ƙauyenmu kusa da Ringim. Ina buɗewa sai ga Amiga 500, kwamfutar da kamfanin Commodore ya fitar a 1987. Da ita ya dawo daga kwas a Ingila tun ban san kaina ba, kuma shekara da shekaru tana ƙarƙashin gado tana shan zafin bazara.

Na kifa ta. A ƙasanta akwai 'yar ƙofa, a ciki aka soka katin A501, wanda ke ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfutar kilobayit 512 kan 512 na asali, megabayit ɗaya ke nan. Hoto guda a wayoyin da nake wa caji ya fi haka nauyi.

Da na ɓamɓare gwangwanin da ya rufe katin, sai gabana ya faɗi. Ɗan batirin nan mai kama da ganga, na bolt 3.6, ya yi yoyo. Fari-fari ya daskare a bakinsa kamar kanwa, kore-kore kuma ya bi layukan jan ƙarfe yana ci. Dama ruwan cikinsa dangin kanwar ne, shi ya sa tsami ke kashe kaifinsa. Na narka dalma na cire shi, na ɗiga ruwan khal, wurin ya yi ta kumfa. Na bi da tsohon buroshin haƙori da sifirit. Layi biyu sun riga sun tsinke, sai da siririyar waya na haɗa su.

Bayan magariba Kawu ya iso da sandarsa, ya ga batirin a murfin kwalba.

"Kai ɗan nan, ka cire? To rubuce-rubucena fa?"

"Kawu, ku kwantar da hankalinku. Agogo kawai yake riƙe wa. Naku suna cikin faya-fayan can."

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙwaƙwalwar wannan kati, da an kashe wuta ta manta komai, batiri ko babu. Amma an yi katunan da batiri ke tsare abin da ke cikinsu da gaske, kamar RamKeeper na kwamfutar Apple IIGS, mai nasa batiri da nasa abin jonawa a wuta. Na Kawu dai ba irinsu ba ne.

CR2032, ɗan batiri mai kama da kwabo, zan sa a madadin wanda na cire, amma sai da dayod a tsakani, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, don katin cajin batiri yake yi, wannan kuwa ba a yi masa caji. Na ba direban motar Kano sautu daga Sabon Gari. Kawu ya kwashe faya-fayansa a aljihun babbar riga, wai ba za su kwana a shagona ba.