Godiya bayan kammala gashi a Shika

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, yau wata guda ke nan da na kammala gashi, wato haska wurin ciwo da na'ura don kashe sankara, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, bayan aikin sankarar mama da ƙarin ruwan maganin sankara, wato kemo, zagaye 6. Gashin sau 25 aka yi, Litinin zuwa Juma'a, mako biyar cur.

Da aka ce mini gashi, zafin na'ura nake tsoro. Ashe a kan gadon ba a jin komai, sai an shiga mako na uku fata ke fara magana. Ƙirjina da hamata suka yi baƙi, ga ƙaiƙayi mai hana barci, ga hunturu ya kama. Dama kemo ya riga ya busar mini da jiki, faratana sun dafe. Abin ya fi tsananta kwana goma bayan zuwana na ƙarshe, har ƙarƙashin hamata ya saɓe. Da malaman jinya ba su gaya mini tun farko cewa haka yake yi ba, da na ɗauka ciwon ne ya dawo. Allah Ya saka musu da alheri. Akwai wadda ta zaunar da ni ta ce, "Hajiya, ban da soso, ban da ruwan zafi, ban da turare a wurin. Kuma kada ki goge alamar da muka zana miki."

Godiyar da ban san yadda zan yi ta ba, ta ƙanwata ce, wadda ta baro gidanta a Sabon Gari ta tare a wurina. Kullum da asuba ita ke sirka mini ruwa, ta taɓa da gwiwar hannu ta ji ɗuminsa. In na fito ta ɗauki tawul mai laushi ta riƙa dannawa a hankali, ba ta gogawa, sannan ta shafa man da aka rubuta mana a asibiti. Ita ta kai wa tela yadin auduga aka ɗinka mini riguna masu faɗi, don atamfa sabuwa da rigar mama sun gagare ni. Ko sau ɗaya ban ga ta yatsina fuska ba.

Baban yara, Allah Ya ƙara buɗi. Hanyar Shika ta san ka. Matan Islamiyyarmu da maƙwabtana na Tudun Wada, kwanukan abinci da addu'o'inku sun iso.

Ina kuma neman afuwar iyaye da ƙawayen da suka kawo mini garin magani, da haɗin dilka, da man da zai mayar da hasken fata, ban shafa ba. Wallahi ba raini ba ne. An hana ni ɗora komai a wurin sai na tambaya, ko man kaɗanya sai da na nuna wa nas. Na san ƙauna ce ta sa, kuma na karɓe ta.

Yanzu wurin ya kame, baƙin yana washewa sannu a hankali. An ce in ci gaba da shafa mai, in riƙa rufe wurin daga rana. Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take bayan la'asar. Ku sa waɗanda na baro a layin gashi cikin addu'a, akwai masu tahowa tun daga Katsina da Funtuwa.