Kwanan dole a Fagge

Ƙarfe ɗayan dare ta wuce, ina kwance kan tabarma a bakin wani shago a Fagge ina danna waya, caji saura kaɗan. Ni da na baro ƙauyenmu bayan asuba da niyyar in sayo atamfar ankon bikin ƙanwata in juya kafin la'asar, Inna har cewa ta yi za ta ajiye min tuwo.

Motar Ringim ta sauke mu a Yan Kaba wajen tara, masu kayan gwari sun ci kasuwarsu tun da duku-duku sai ragowar tumatir da ƙuda. Na hau adaidaita zuwa Kantin Kwari, direban sarkin surutu ne, wai shi da ɗan acaɓa ne, da aka hana acaɓa a 2013 ya koma ƙafa uku, har muka isa bai rufe baki ba.

Kwari da rana kam sai wanda ya gani. Wajen sa ƙafa babu, ɗan dako ya ɗauko dila a ka yana hanya! hanya! in ba ka kauce ba ya tafi da kunnenka, ga ƙarar janareto ga mutanen Nijar da Chadi da Kamaru kowa na ciniki da nasa yaren, ka yi sallama a amsa maka da rabin baki ido na kan kalkuleta. Na ɗauki turmi 12 na tura kuɗi, mai shago ya ce bai ga alat ba. Tun azahar nake kan benci ina jiran sabis, wallahi kamar in yi kuka, kuɗin ba su shiga ba sai dab da magariba.

Kawu, ƙanin Babanmu da ke gadi a wani layi nan kusa, shi na kira. Ya ce "ɗana ba inda za ka da kaya a daren nan, ko ka je tasha motar gida ta tashi, ga masu ƙwacen waya." Ya ƙara da cewa tun 2022 aka sa wa adaidaita dokar daina aiki daga 10 na dare zuwa 6 na safe, in na maƙale a hanya wa zai ɗauko ni. Ban yi musu ba.

To abin da ya hana ni barci shi ne yadda wurin ya juye. Alhazai suka ja ƙofofi suka datse kwaɗo, suka shige motoci, janareto ya mutu ɗaya bayan ɗaya har kana jin takun silifas ɗinka. Bayan isha'i sai ga tabarmi da kwalaye suna fitowa ban san daga ina ba. Inda aka faka wata jibgegiyar mota da rana, nan mai shayi ya kafa teburinsa. Ɗan dakon da ya kusa ture ni da hantsi, na gane shi da jar hularsa, shi ne ya matsa min a benci ya ce bismilla, ashe ɗan wajen Taura ne! Na duba masu gadi, 'yan ga-ruwa, masu turin baro, duk 'yan ci-rani, wannan Gumel wancan Ɓaɓura wani Damagaram. Hirar ma ta gida ce, tsadar taki, wa ya sayar da ragonsa, yaushe za a koma sharar gona. Da ba don fitilar sola da ta dushe taurari ba sai in ce a dandalin garinmu nake. Sauron birni dai ya fi namu rashin kunya, wannan ba gardama.

Kawu na can yana zagaye da tocila da gora, ya ce zai tashe ni da kiran assalatu in kama motar farko. Ƙunshin atamfar na yi matashi da shi, in amarya ta ji ƙamshin hayaƙin mai shayi a ankonta sai ta yi haƙuri.