Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kuɗin Fili Daban, Kuɗin Takarda Daban

A makon jiya na tsaya a inda magada suka sallama mini filin a kan naira miliyan uku, bayan ja-in-ja da ta kai mu har la'asar sakaliya. Shekarar 2018 ce, ina koyarwa a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Kano. Abin da na haɗa gaba ɗaya, da adashin da na kwasa da bashin ƙungiyar malamai da kuɗin 'yar gonata ta gado da na sayar a ƙauye, naira miliyan uku ne da dubu ɗari shida. Uku na fili, ɗari shida na bulo da haƙa harsashi kafin damina ta sauka. Har na yi wa magini magana, ya ce in kira shi ranar da yashi ya zo.

Ba mu tashi daga kan tabarmar ba dillali ya matso ya rage murya.

"Malam, Allah ya sa albarka. Sai maganar la'ada."

Biyar cikin ɗari ya ce, wato dubu ɗari da hamsin, kuma wannan nawa ne ni kaɗai, don magada ma za su ba da nasu. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya taka mini ƙafa. Kawu ya daɗe a kasuwar Dawanau, ya san yadda ake da dillalai. Ya fara tambayarsa lafiyar iyali, ya gangaro kan tsadar masara, ya koma kan albashin malamin makaranta, kafin a kira magariba la'ada ta dawo dubu ɗari. Sai ga wasu mutum biyu da ban taɓa gani ba, wai su suka kai wa dillalin labarin filin. Kawu ya ce su nemi rabonsu a wurinsa, shi ya san su.

A ranar kafin alƙalami kawai na bayar, dubu ɗari biyar, aka rubuta a takarda, shaidu suka sa hannu. Washegari muka je gaida mai unguwa da goronsa. Ya sa aka kira maƙwabtan filin na gabas da na kudu, suka tabbatar da iyaka, ya ce ya san marigayin, ya kuma san filin nasa ne. Wannan kuɗi ban ji ciwonsa ba ko kaɗan. Mai unguwa ne ya san wanda ya taɓa jinginar da fili, da wanda ya sayar wa mutum biyu, abin da ba lallai ka same shi a cikin fayil ba.

A wurin Kawu, magana ta ƙare ke nan.

"Ɗan nan, ka biya sauran kuɗi, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi, ka zuba yashi. Gidana shekara nawa ina ciki da takardar dagaci? Wa ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa?"

Gaskiya ya faɗa game da gidansa. Sai dai nasa awon igiya ne, gona ce aka yayyanka aka sayar, gwamnati ba ta taɓa buɗe mata fayil ba. Nawa kuwa awon gwamnati ne, ƙafa 50 da 100, da lambarsa da duwatsun safiyo a kusurwa huɗu, da takardar mallaka mai ɗauke da sunan marigayi. Wannan ce ma ta sa ya yi tsada. Wani abokin aikina ya haɗa ni da ƙaninsa lauya, shi ya zaunar da ni ya warware mini abin da Kawu bai yarda da shi ba har yau.

Barista ya ce tun 1978, lokacin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Ya ba ni labarin shari'ar bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. Mutumin ya jinginar da kadararsa, bashi ya gagara biya, banki ya tashi sayarwa, sai ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba tun farko. Kotu ta ce jinginar ba ta inganta ba.

"Banki ke nan, Malam, da lauyoyinsa. In ka tsaya a takardar dagaci, a idon hukuma filin nan na mamaci ne, kai kuma baƙo ne a ciki. Ranar da jikokinsa suka tashi, ko ranar da aka zo biyan diyyar hanya, sunan da ke cikin fayil za a kira."

Ya nemi dubu ɗari na aikinsa, ya ce don darajar yayansa ne. Na biya rabi. Abu na farko da ya yi, ya hana ni cika wa magada kuɗinsu sai an yi bincike a ofishin ƙasa, inda hukumar KANGIS ke ajiye bayanan filayen jihar a kwamfuta. Binciken ma da kuɗinsa, amma kaɗan ne, kuma shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani a cikin duk abin da na kashe. Fili dai na marigayi ne, ba jingina a kansa, ba a ƙwace shi ba. Amma tsugune ba ta ƙare ba: tun da aka ba shi filin, sau ƙalilan ya biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara, bashi ya taru, kuma ba a duba takardar neman amincewa sai an share shi. Na biyu, mamaci ba ya sa hannu. Sai an kawo takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, a ga waɗanda filin ya faɗo wa, kowannensu ya amince a rubuce.

A nan ne aka gane akwai 'yar'uwarsu da ke aure a Katsina, wadda ba a ko sanar da ita an yi ciniki ba. Babban wansu ya ce ai yarinya ce, abin da ya yanke shi ke nan. Barista ya ce Alƙur'ani ya ba ta kasonta, ba wanda zai sayar mata da shi a bayan idonta. Aka yi waya, ta zo da mijinta, ta ji farashi, ta sa hannu ba gardama. Kuɗin motarsu ni na biya, don ba wanda ya nuna alamar zai sa hannu a aljihu.

Bashin kuɗin ƙasa kuwa sai da muka je gaban mahaifiyarsu. 'Ya'yan sun dage cewa sun sayar da fili yadda yake, mai saye ya ji da sauran. Na durƙusa na gaida ta, na ce, "Hajiya, shekarun da bashin nan ya taru, filin a hannun Alhaji yake, ba a hannuna ba." Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce bashin mamaci ba a barinsa a wuyan baƙo, a cire daga kuɗinsu. Babban ɗan ya ɓata rai, amma bai musa ba. Allah ya saka wa baiwar Allah nan da alheri.

Dillali bai ɓace ba, don sauran la'adarsa na hannun magada. Da ya ji Barista zai rubuta takardar mayar da mallaka, ya biyo ni har ƙofar makaranta.

"Malam, kai ba ka san gari ba. A takarda a rubuta miliyan ɗaya. Duk harajin da za a yanka maka a kan abin da aka rubuta ne. Kowa haka yake yi, har manya."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta kwana a raina, domin a lokacin ɗari shida ta riga ta fara narkewa. Da dare na gaya wa maiɗakina. Tana tankaɗe garin tuwo, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Malam, to in gobe cinikin ya warware, nawa za su mayar maka? Abin da ka biya ko abin da ka sa hannu a kai?" Barista ya ƙara da nasa: ofishin ba ya dogara da abin da aka rubuta, suna da masu ƙiyasta daraja, suna kallon unguwa da girman fili su yanka nasu. Wato mutum ya yi ƙarya a takarda, ya raunana hujjarsa, kuma mai yiwuwa ko sisi bai rage ba. Aka rubuta miliyan uku, da lamba da kalmomi.

Da takardar ƙiyasi ta fito, a tsaye na karanta ta a barandar ofis, sannan na nemi benci. Kuɗin amincewar gwamna, kuɗin rajista, harajin kan sarki, harajin ribar kadara, da 'yan ƙananan kuɗaɗen fom da fayil. Manyan cikinsu duk kaso ne na darajar fili, kuma kowace jiha da nata lissafin. An nemi shaidar biyan haraji tawa, wannan bai ba ni wahala ba tunda daga albashi ake yanke mana.

Harajin ribar kadara ya fi ba ni haushi. A doka, a lokacin, kashi 10 cikin 100 ne na ribar da mai sayarwa ya ci, kuma shi ya kamata ya biya. Amma mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa, wanda ke buƙatar takarda ta fito shi ne mai saye. Na riga na ci albarkacin Hajiya sau ɗaya, kunya ta hana ni komawa. Na biya. Wanda zai sayi fili, ya sa wannan magana a cikin ciniki tun ana kan tabarma, kafin a ce an sallama.

Harajin kan sarki kuwa da farko na ɗauka kuɗin tawada ne kawai. Barista ya ce dokarsa tsohuwa ce, tun 1939 zamanin Turawa, kuma a kan takarda ake biyansa, ba a kan ƙasa ba. In ciniki tsakanin mutum da mutum ne, kamar nawa, hukumar tara haraji ta jiha ke karɓa. In akwai kamfani a ciki, na tarayya ne, hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ke karɓa a wancan lokaci. Amfaninsa a kotu yake fitowa: takardar da ba a buga wa kan sarki ba, alƙali ba ya karɓarta hujja a shari'ar fili sai an biya harajin da tarar jinkiri, kuma ofishin rajista ba ya shigar da ita. Irin wannan takarda kwana 30 doka ta ba ta daga ranar da aka sa hannu. Shi ya sa ranar da muka taru da magada a ofishinsa, kowa ya sa hannu, masu dangwale suka dangwala, amma ya bar gurbin kwanan wata fari fat. Na nuna masa da yatsa, na ce an manta. Ya yi dariya ya ce ba mantuwa ba ce, sai amincewa ta fito za a cike, in ba haka ba wa'adin zai ƙare fayil na kan tebur.

Duk a banki na biya, kowane da telarsa, na kai aka ba ni rasit. Wani a bakin ƙofa ya ce in ba shi kuɗin a hannu zai gaggauta mini, na ce na gode. Na sayi jakar leda mai zif na zuba rasitan, maiɗakina ta sa ta a ƙasan akwatin kayan aurenta.

Jiran amincewa ya ɗauki watanni. Damina ta sauka ta same ni ba bulo ko ɗaya, ciyawa ta rufe duwatsun safiyo, wani maƙwabci ya shuka kuɓewa a gefen filin ba tare da ya tambaye ni ba. Duk ranar Juma'a in na je gaida Kawu sai ya ce, "Ina labarin gwamna? Ya sa hannun kuwa?" Mutanen zaure su yi dariya, ni ma in taya su.

Ranar da Barista ya miƙo mini kwafina, na daɗe ina juya shi. Takarda ce mai kauri, an ɗaure gefenta da jan zare, ga hatimin kan sarki da adadin abin da na biya, ga sa hannun kwamishina a madadin gwamna, a baya kuma an rubuta lambar rajista da shafi da kundin da aka shigar da ita. Na kai wa Kawu. Ya sa tabarau ya duba gaba da baya, ya auna ta a tafin hannu, ya ce, "Wannan ce ta cinye bulo dubu biyu?" Sannan ya ce in yi mata hoto in kawo masa kwafi ya ajiye, saboda gobara.

Da na zauna na tattara lissafi, la'ada da goro da lauya da kuɗin mota da na hukuma, ɗari shidan nan ta tafi duka, har na taɓa albashin wata. Na je na sami magini na ce masa sai bayan girbi, in Allah ya kai mu. Ya tambaye ni ko na kai zanen gini KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, an amince, don a awon gwamnati ba a haƙa harsashi sai da shi. Na ce wane zane?

A nan za mu tashi a mako mai zuwa, da labarin yadda maiɗakina ta fito da sarƙarta ta zinare, da abin da mahaifiyarta ta ce da ta ji.