Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da ɗaki a bayan Hilux

Abin da na saya ɗaki ne sukutum, da gado da murhu da tankin ruwa, irin wanda ake ɗorawa a bodin a-kori-kura a ɗaure, in an dawo gida a sauke shi bisa ƙafafunsa huɗu, mota ta koma aikinta. A Amurka da Kanada aka fi yayinsa. Nawa gwanjo ne, ta Kwatano ya shigo, ya daɗe a garejin wani Alhaji a Birnin Kebbi ƙura na cinsa. Sana'ata ta sayen shinkafa a fadamu takan kai ni inda babu masauki, shi ya sa na ƙyalla ido a kansa.

Ranar ciniki na tafi da kawuna, tsohon direban tirela. Ni ina ta yaba labule da katifa, shi ko kallonsu bai yi ba. Durƙusawa ya yi yana danna babban yatsa a kusurwoyi, ƙarƙashin tagogi, da goshin nan da ke leƙowa saman kan mota inda gadon yake. Ya buɗe kowace durowa ya shinshina. Fatar waje alminiyam ce, amma ƙashin cikin katako ne, in ruwan sama ya sami kafa sai ya ruɓar da shi ba a sani ba. Sai kuwa yatsansa ya lotsa a kusurwar gaba ta dama, daidai inda aka ɗaure jak, wato ɗaya daga ƙafafun nan huɗu. "Alhaji, nan fa ya mutu," in ji shi. Wurin da ya fi ko'ina haɗari ke nan, don a kansa ɗakin ke tsayuwa idan an zare mota. Da wannan muka rage kuɗi, kafinta ya canza katakon, aka bi gaɓoɓin rufin da sabon gam.

Maganar da ta fi cin lokaci ita ce nauyi, kuma a ganina nan ne mai sabon shiga ke yaudarar kansa. Mu nan mun saba da cewa in dai mota ta motsa to ta ɗauka. Hilux kuwa abin da take ɗauka wajen tan guda ne, wasu ma ba su kai ba, kuma a cikin wannan lissafin har da direba da fasinja. Yawancin ɗakunan nan an ƙera su ne don manyan motocin Amurka irin su Ford F-250. Akwai ɗan allo a jikin ɗakin da ke faɗin nauyinsa da fam, sai an raba da 2.2 kafin a sami kilo, kuma kayan da za ka loda ba sa cikin wannan adadin. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce. Tukunyar gas mai kilo 12.5, in an haɗa da ƙarfenta, ta kusa ninka haka. Kawu ya ce shi bai yarda da allo ba. Muka je wani kamfanin casar shinkafa muka roƙi arziki, aka hau da motar sikelin manyan motoci, da ɗaki da kaya da mu ukun, ni da kawu da ƙanena, a ciki, sannan muka gwada da adadin da ke rubuce a allon motar. Mun haura kaɗan. Nan take janaretan da ƙanena ya dage sai an tafi da shi ya koma gida, tankin ruwa kuma aka bar shi rabi.

Motata mai ƙofa biyu ce, bodinta dogo, don haka alamar da aka yi a gefen ɗakin, wadda ke nuna inda nauyinsa ya taru, ta faɗo gaban tayoyin baya. Da ta faɗo bayansu, gaban mota zai yi sakayau, sitiyari da birki su rage kamu. Mai ƙofa huɗu ya auna bodinsa da tef kafin ya biya ko sisi. Mun shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa don kada ya zame, mai walda kuma ya yi mana kunnuwa huɗu da aka ɗaure da noti a jikin shasi, daga nan sarƙoƙi suka kama ɗakin. Ƙugiyoyin bakin bodi na ɗaure buhu ne da tamfol, ba za su riƙe wannan ba. Tayoyin baya ma sai da aka canza su: lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, nawa kuwa sun tsufa duk da zanensu bai cinye ba.

Wuta da gas ba su ba mu wahala ba, amma sai da aka tsaya a kansu. Wayarin ɗakin na bolt 120 ne irin na Amurka, namu 230, in ka jona kai tsaye ka ƙone komai. Na bar wannan layin a kashe, fitilu da fanka suna ci daga batir da farantin sola. Mai gas ya canza tiyo da kan tukunya, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa yana duban kumfa.

Da hantsi muka tashi, a tsakiyar hunturu. Na auna tsawon motar da ɗakinta na rubuta a takarda na manna kusa da sitiyari, amma tun a lungunmu sai da ƙanena ya sauka ya ɗage wayar wuta da gora. Argungu a ƙaramar mota ba ta fi tafiyar awa guda ba, kuma da gangan na zaɓe ta: in wani abu ya kwance, gida na kusa. A Ambursa, wajen filin jirgin sama, kawu ya ce in tsaya. Ya bi sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, biyun gaba sun saki kaɗan don ɗakin ya zauna da kyau, ya ƙara musu murɗi, ya taɓa tayoyi da bayan hannu. "Kada ka ɗaure har ka tsage katako," ya ce, "riƙo ake so."

Tuƙin dabam ne. Motar takan yi rangaji kamar raƙumi da kaya, kwana sai an shige ta a hankali, birki kuma sai an fara shi tun daga nesa. Idan tirela ta gifta, iskarta takan ture ka sannan ta jawo ka, abin yi kawai ka ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Ban wuce 70 ba, 'yan kabu-kabu ma suna wuce ni suna waige. A shingen kan hanya an nemi takardun mota da na kwastan na ɗakin, suna hannu. Wani jami'i ya leƙa ciki ya ce, "Oga, har da kicin?" Hagu da dama fadama ce shimfiɗe, manoman rani na ta gyaran fangali, injinan ban-ruwa na tatata.

A Argungu mun fara da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, inda ake ajiye da masu da takubba da tambura. Daga nan muka gangara Matan Fada. Ba lokacin biki ba ne, babu dubban masuntan nan da homa da gora, sai 'yan kwale-kwale da masu wanki. Tun 1934 ake bikin kamun kifin, daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Na so in matsa da motar bakin ruwa, wani dattijo mai gyaran koma ya ɗaga mini hannu: "Yaro, wagga ƙasa ba ta ɗaukar nauyi, bar ta bisa tudu." Na bar ta.

Kwana a bakin kogi ko a daji bai ma taso ba, ba a wannan zamanin ba. A harabar gidan wani abokin cinikina muka faka, da sanin mai unguwa. Da dare sanyi ya sauko sosai, sai ga ƙanena da kaskon gawayi zai shiga da shi. Kawu ya tare ƙofa. Gawayi ko janareta ko murhun gas da aka bari a kunne a rufaffen ɗaki suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi, kuma ɗakin nan bai fi ɗan shago ba. Aka bar kaskon a tsakar gida, na rufe tukunyar gas daga kanta, na buɗe tagar sama kaɗan, muka ƙara bargo. Na'urar da ke yin ƙara in iskar ta taru tana manne kusa da gado da sabon batir, tsohuwar da ta zo da ɗakin wa'adinta ya wuce.

Washegari bayan kunu da ƙosai muka juyo. A gida muka nemi daɓe mai lebur, muka sauke jak ɗin kaɗan-kaɗan, ana zagayawa, gaba na ɗan fin baya tsawo, yara kuma an kore su nesa. Na zare motar a hankali, muka sassauto da ɗakin ƙasa-ƙasa bisa katakai. Kawu ya leƙa ƙarƙashin mota ya ce kafin a yi zancen Yauri sai an canza shokozoba na baya, ɗaya ya fara zubar da mai.