Turaren Kare

Ranar da na gaya wa Inna cewa a Ingila har kare ake yi wa turare, shiru ta yi a waya har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce, "'Yar nan, aikin da kika bar Katsina dominsa ke nan?" Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana, amma idan ta ja wannan "'yar nan" ɗin na san sauran.

Na zo Lesta a 2023 da bizar kula da tsofaffi. Gida na uku da aka tura ni na wata tsohuwa ce, ita kaɗai sai karyarta. Ni da na tashi a Ƙofar Sauri, kare a sanina na gadi ne ko na 'yan farauta, in ya biyo ka ka duƙa kamar mai ɗaukar dutse ya arce. Wannan kuwa a kan kujera take kwana, da bargonta, da likitanta. Satin farko sai da na kira Kawu Malam. Ya ce a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, abin da aka umarta shi ne wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki. Na ji sanyi, amma har yau kayan aikina daban, na salla daban.

Sai ƙarshen Oktoba ya zo. Lesta gari ne mai Indiyawa da yawa, suna bikin Diwali da wasan wuta, kafin a huta kuma ga daren 5 ga Nuwamba, wanda Turawa ke tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisarsu da aka yi a 1605. Kusan sati biyu, da magariba ta yi sai sama ta ɗauki ƙara. Ni ƙarar ba ta dame ni ba, 'yan bindigar hawan salla a Ƙofar Soro ta tuna mini. Karyar ce ta zama abin tausayi. Jikinta na ɓari kamar mazari, harshe a waje, tana ta kai-komo, ta ƙi abinci, daga baya ta cusa kanta bayan injin wanki. Tsohuwar ma ta ƙi barci saboda ita, ni kuma aikina ya ninku.

Abin da ya fara zo mini a rai turaren wuta ne. Mu a gida, yaro ya firgita ko mai jego ta kasa sukuni, ai kasko ake jawowa. Ina da ɗan ragowar na Maiduguri da aka haɗo mini a akwati. Allah ya sa na tambaya tukuna. Likitar dabbobin da muka je wurinta ta ce kul. Hancin kare ya ninka namu nesa ba kusa ba, ƙamshin da mutum ke ji sama-sama shi cika masa kai yake yi, hayaƙi kuma yana cutar da huhunsa.

Abu biyu ta ba mu. Na farko wata 'yar kwalba mai suna Adaptil da ake maƙalawa a soket, tana kai wata guda. Kwaikwayon sinadarin da jikin karya mai shayarwa ke fitarwa ne, wanda ke kwantar wa 'yan kwikwiyonta hankali. Na kai hanci na shinshina, ban ji komai ba, ashe ba don mu aka yi ba. Na biyu man furen labanda, ɗigo ɗaya ko biyu a tsumma, a ajiye nesa da shimfiɗarta, a bar ƙofa buɗe don in ya ishe ta ta fita. Ba a shafa mata a jiki, ba a bari ta lasa, kuma wasu mayukan, irin na itacen da suke kira ti-tiri, guba ne ga kare. Ta ce a 2005 masu bincike a Belfas sun gwada ƙamshi kala-kala a gidan ajiye karnuka: labanda da kamomil sun sa su kwanciya da rage haushi, na'ana'a kuwa ƙara musu zirga-zirga ta yi. Na yi dariya a zuci, mu da na'ana'a ce shayin hutawarmu.

Gaskiya a shekarar farko ban ga wani abin kirki ba, mun makara. Ƙamshin yana son a fara shi tun ana zaman lafiya, har kare ya saba jin sa lokacin da yake kwance lumui, kuma ba kowane kare yake yi wa aiki ba. Shekarar da ta biyo tun farkon Oktoba muka jona kwalbar. Na yi mata ɗan ɗaki a ƙarƙashin tebur da tsohuwar rigar sanyin uwar ɗakinta, a fita da ita tun da sauran rana, a ja labule, a ƙara muryar rediyo. Ba ta daina tsoro ba, amma ta ci abinci, ta kwanta. Ko ƙamshin ne ko rigar ce, ni dai na fi zargin rigar.

Dalilina kuwa, a ɗakina ba na iya kunna garwashi, na'urar hayaƙin da ke silin za ta tara mini maƙwabta, ta taɓa yi sau ɗaya. Sai na koma buɗe akwati in ɗauko mayafin da Inna ta turara mini daren da zan taso. Duk ranar da sanyi da kaɗaici suka taru mini, fuskata nake cusawa a ciki, ko da yake ƙamshin ya kusa gushewa.

Watan jiya wata 'yar unguwarmu ta dawo daga hutu da saƙona: kilishi, kuka, humra, da sabon mayafi an turare shi har ya yi nauyi. Na kira in yi godiya. Muka gama gaisuwa, aka ba ni labarin bikin 'yar Gwaggo, har za mu yi sallama Inna ta ɗan yi gyaran murya.

"Ita karyar taku, ta samu barci bana?"