Godiya ga duk wanda ya tsaya min lokacin aikin ƙuguna

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Na daɗe ina son rubuta wanga saƙo amma na ce bari sai an yi dubawar shekara na ji ta bakin likita tukuna, to an duba, an ɗauki hoto, an gwada jini, ƙarfen na nan zaune daram inda anka sa shi, shi ya sa na ce yau sai na yi ma mutanen da sunka ɗauke ni godiya gaban kowa, don alherin da anka yi min ya wuce a faɗe shi cikin ɗaki.

Mutanen Argungu sun san yadda nake tafiya shekarun baya. Tun haɗarin mashin da na yi kan hanyar Birnin Kebbi ƙugun dama bai koma daidai ba, a hankali guringuntsin gaɓar ya cinye har ƙashi ya koma gugar ƙashi, ciwo shina tashi daga matsematsi ya sauka har gwiwa, dare ba barci, hawa mashin sai an taimaka min, fadama kuwa na daina shiga sai dai in tsaya bakin hanya ina hangen shinkafa. Wanda ya fi ci min rai shi ne salla kan kujera. Ban kai hamsin ba amma ina can ƙarshen sahu tare da dattawa, ana sujada ni ina duƙar da kai kawai, wallahi sau da yawa da hawaye nake sallamewa. Masu ɗori sun yi iya ƙoƙarinsu kuma ba na raina sana'arsu, sun san karaya, to amma nawa ba karaya ba ne, gaɓa ce ta ƙare, kuma in ta ƙare ba abin da shafi ko tsaga za su mayar.

Godiya ta farko bayan Allah ta likitan ƙashi ce da ya gan ni a asibitin ƙashi na Dala a Kano. Bawan Allan nan ya zaunar da ni ya ɗaga hoton ya yi min bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ya ce aiki iri biyu ne. Akwai canjin ƙugu gaba ɗaya, wanda ake yanke kan ƙashin cinya da wuyansa a cire, a zura ƙarfe cikin ƙashin, shi ne wanda anka fi yi ko'ina a duniya kuma shina da kyau ƙwarai. Akwai kuma wanda suke kira risafesin, shi ba a yanke kan ƙashin, ana kankare saman da ya lalace ne kawai a kifa mai ƙarfe kamar hula, a sa wani kwanon ƙarfe cikin gurbin ƙugu, sai ƙarfe ya riƙa juyawa cikin ƙarfe. Amfaninsa ƙashinka na nan, kan gaɓar kusan girman wanda Allah ya halitta maka, don haka ba ya saurin gocewa, kuma in wata rana ya gaji ana iya komawa a yi canjin gaba ɗaya tunda akwai ƙashin da za a yi aiki da shi. Wani likita Bature Derek McMinn ne da abokin aikinsa Ronan Treacy sunka fito da samfurin da ya fi shahara a Birmingham ta Ingila a 1997. Masu kallon wasanni sun san Andy Murray ɗan wasan tanis na Birtaniya, irin aikin nan anka yi mai a Janairun 2019, watan Oktoba na shekarar ya ci gasa a Antwerp ta Beljiyam, ya ci gaba da wasa har 2024.

Ina roƙon masu karanta wanga su tsaya nan da kyau, don tun da na dawo mutane ke zuwa gida suna cewa su ma irin nawa, wato risafesin, suke so a yi ma mahaifiyarsu ko matarsu ko ɗiyansu. Ba kowa ake yi ma shi ba. Namiji ne mai ƙarfin ƙashi da girman jiki wanda bai tsufa ba ya fi dacewa da shi, a irin waɗannan ne rijistar masu aikin gaɓa ta Ingila da ta Ostireliya ta nuna sama da 90 cikin 100 ƙarfensu na nan lafiya bayan shekara 10. Ga mata da masu ƙaramin ƙashi sakamakon bai kai haka ba, har kamfanin Smith & Nephew mai yin samfurin Birmingham ya daina bayar da shi don mata da ƙananan awo a 2015. Kafin nan a 2010 an janye wani samfuri na kamfanin DePuy mai suna ASR daga kasuwa saboda yawan lalacewa a jikin mutane. Dalili shi ne gugar ƙarfen tana sakin ƙwayoyin kobal da kuromiyam, wato sinadaran da anka yi ƙarfen da su, cikin jini, ƙoda ce ke tace su, in sunka yi yawa suna iya ɓata naman da ke kewaye da gaɓar. Saboda haka mai ciwon ƙoda ba nasa ba ne, kuma masu shan diklofenak kullum don ciwon gaɓa don Allah ku je a gwada ƙodarku, maganin nan shina cin ƙoda da ciki a ɓoye. 'Yan uwanmu masu sikila da kan ƙashinsu ya mutu saboda rashin isar jini, galibi canjin gaba ɗaya ne nasu, kuma kada wanda ya ga an ba shi na baya, wanda ya dace da jikinka shi ne mai kyau.

Da anka tabbatar na dace, shawarar da anka ba mu ita ce mu nemi likitan da hannunsa ya saba da irin aikin sosai, don in kwanon ya ɗan karkace gugar ƙarfen ƙaruwa take yi. Haka munka samu wani asibiti a Chennai ta Indiya. Nan ne maganar kuɗi ta taso, ga dala ta yi sama, ga biza ga tikiti ga masauki, ni kuma malamin makaranta ne mai ɗan noman rani.

Inna, Allah shi ƙara miki lafiya da nisan kwana, ke kinka kira taron gida kinka ce a sayar da gonar gado ta bakin gulbi, kuma ba wanda ya ɗaga murya cikin 'yan uwa, mata da maza kowa ya yafe rabonsa. Yaya babba da ya bar shagonsa ya raka ni har can, mutumin da bai taɓa hawa jirgi ba kuma ba ya jin Turanci sosai amma shi ke kwana kan kujera kusa da gadona, shi ke kai ni bayi, Yaya ban da bakin gode maka. Uwargida ta cire 'yan kunnenta na zinari ta kai kasuwa ba ta ko gaya min ba sai da kuɗin ya shigo hannu, bayan na dawo kuma ita ta sha wahalar jinya, ruwan wanka, kujerar bayi da anka haɗa min don ba a so in tsuguna da farko, tashin dare in na kasa juyawa, Allah shi biya ki da Aljanna, Allah shi shirya miki zuri'a. Kawu ya sayar da bijimi biyu. 'Yan majalisarmu ta bakin kasuwa, malaman makarantarmu da sunka yi karo-karo daga albashin da su ma bai isarsu, tsofaffin ɗalibaina da sunka buɗe guruf a WhatsApp, wasu na Sakkwato wasu na Abuja wasu ma ban tuna fuskarsu ba, liman da jama'ar masallacinmu da sunka riƙa sa ni cikin addu'a, direban da ya kai mu Kano ta hanyar Gusau da Funtuwa a lokacin da kowa ke tsoron hanyar nan, da ɗalibanmu 'yan Arewa da ke karatu a Indiya da sunka tarbe mu sunka yi mana tafinta har da dafa mana tuwo, duk Allah shi saka muku da mafificin alheri.

Sai mai gashi, wato likitan fisiyo da ya karɓe ni a Birnin Kebbi. Mutane na ganin in an fito tiyata an gama, a'a, nan aiki ya fara. Washegarin aiki tun can Indiya anka tashe ni tsaye, sai makonni ina tafiya da sanduna biyu, ga safa mai matse ƙafa da maganin hana jini daskarewa. A watannin farko abin da ake tsoro shi ne wuyan ƙashin da anka bari ya karye, don haka ba gudu ba tsalle ba ɗaukar buhu, shi kuma yaron nan, don sa'an ƙanena ne, bai taɓa gajiya da ni ba, ranar da na ce ba ni iyawa sai ya ce Malam daure mu ƙara ɗaya, har naman ɗuwawu da ya shanye saboda ɗingishin shekaru ya dawo da ƙarfinsa. Ranar da likita ya ba ni izinin sauka ƙasa na yi sujada da goshina na zauna tahiya, Allah kaɗai ya san abin da na ji.

Yanzu ina shiga aji, ina hawa mashin, bana da ƙafata na shiga fadama na duba injin ban ruwa. Dubiya kuwa ba ta ƙare ba, hoto da gwajin kobal da kuromiyam da na ƙoda zan ci gaba da yi lokaci-lokaci muddin ƙarfen na jikina, kuma an ce in na ji sabon ciwo ko kumburi ko ƙara daga gaɓar kada in jira.

Wanda ban ambata ba don Allah shi yi haƙuri, kuna da yawa. Kuma ina neman alfarma guda, akwai ɗiyar maƙwabcinmu mai sikila da ke jiran canjin ƙugu, iyayenta na kan haɗa kuɗi, duk mai hali shi same ni bayan la'asar a masallacin unguwa in haɗa shi da mahaifinta. Allah shi ba ta lafiya da dukkan marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, amin.